Ƙofar Ƙarfe a Jikin Bangon Laka

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu walda da ƙera ƙofofi na yankin Sabon Birni da Isa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina yi maka fatan alheri, kai da iyalinka da duk wanda ke cin abinci a ƙarƙashin wannan sana'a taku. Ina gajiya, ya jama'a, ya kuma muka ji da wannan zama da Allah Ya jarrabe mu da shi? Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Alhaji, kai ka san ni, domin sau uku ina zuwa rumfarka ina tsayawa cikin rana har ka gama da manyan mutane. Amma tunda ba kai kaɗai za ka karanta wasiƙar nan ba, bari in faɗi ko ni wace ce. Sunana Hassi. Na yi shekaru ina koya wa matan aure karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa ake ce mini Malama. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye kusa da Gangara. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar mini gona, da gidan laka, da mahaifiyarsa Inna Tumba, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun yana raye. Da jan jiki take zagaya ɗaki. 'Ya'yana mata biyu suna gidajen mazajensu, nesa da nan. Ni da tsohuwar nan muka rage, ni ce idonta, ni ce ƙafarta.

Ba ni da sha'awar tona asirin kowa, kuma ban taso ina ɗaga murya gaban maza ba. Na bi ta hanyar da ta dace, na zo na same ka a ɓoye, ka sallame ni da haƙuri. Haƙurin ya ƙare. Shi ya sa na ɗauki biro, don duk wanda ke shirin sayar da tunkiyarsa ya sayi ƙofar ƙarfe ya ji abin da ya same ni tun kuɗinsa na hannunsa.

Na farko: yadda aka yi ƙofar.

Kowa ya san abin da ya tashe mu daga ƙauyukanmu, ba sai na maimaita ba. Da aka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, na goya Inna a baya na kai ta bakin hanya, muka zo Sabon Birni, wani ɗan'uwan mijina ya ba mu aron ɗaki. Tun daga lokacin zamanmu ya rabu biyu. Da rani muna gari, da damina, idan an ɗan samu lafawa, mu koma mu yi noma, don aron ɗaki ake ba mutum, ba a ba shi aron tuwo har abada.

To, bayan masu bindiga akwai wasu da ba a cika maganarsu ba. Su ba su da bindiga, ba su da daji, a cikinmu suke. Jira suke mutane su watse, su bi gidaje suna kwasar abin da aka bari. Bara sun ɓalle tsohon ƙyauren katakon da mijina ya bari, suka share ɗakin har da muciya. Wannan ya sa da tsakiyar ranin nan na sayar da tumakina biyu, su ke nan gare ni, na tafi wurin ɗaya daga cikin mutanenka, Ila mai walda, na ce ina son ƙofar ƙarfe ɗaya da taga biyu masu rodi.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce gidan na laka ne, ba na bulo ba. Na ce akwai tsohuwa da ba ta iya tsayuwa, kuma idan na tafi gona tun safe ita kaɗai ke wuni a gida, saboda haka ina son bayan sakatar sama a ƙara wata ƙarama daga ciki, can ƙasa, daidai gwiwa, yadda za ta iya kulle kanta ta kuma buɗe daga zaune. Ila ya yi dariya, ya ce tunda yake bai taɓa yin sakatar guragu ba, amma ya yi. Da hannunsa ya je ya dasa ƙofar da tagogin, ni na biya kuɗin mashin. Da ya gama ya daki ƙofar da tafin hannu ta yi ƙara, ya ce, “Malama, wagga ƙohwa ko giwa tat tunkuɗe ta sai ta ji jiki. Tahi ki yi barcinki.”

Na yarda da shi. Na kwaso irin gero da na dawa da na wake da na yi ta tattali, na kai ɗakin. Na kai gado da katifa. Na kai adakar Inna, wadda a cikinta likkafaninta yake, wanda ta saya tun tana da ƙafa, ta kai aka ɗinka, take fito da shi duk shekara ta shanya. Na sa kwaɗo babba na dawo gari da niyyar ruwan fari na sauka mu koma.

Na biyu: yadda aka ɗauke ta.

Alhaji, giwa ba ta zo ba. Jarka biyu ta ruwa ta isa.

Da bazara ta kama na je in duba gida in share gona. Tun daga nesa na hango bakin ɗakin a buɗe, baƙi wuluk. Na ɗauka kwaɗon aka fasa. Da na matso sai na ga babu kwaɗo, babu ƙofa, babu firem ɗinta, wato ƙarfen da ke kewaye da ita. Tagogin ma haka, ramuka biyu kawai a bango. Ba a yanke ƙarfe ko ɗaya ba, ba a fasa komai ba. An jiƙa lakar da ke gefen firem, an jira ta yi laushi, an girgiza, an zare ƙofar sukutum kamar yadda ake zare haƙorin da ya riga ya yi girgiɗi. Ɗakin kuwa an share shi, iri da gado da adaka, duka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da rana tsaka aka yi, kuma a gaban shaida. Maƙwabcinmu Baba Nomau, tsoho ne da ya rantse ba inda za shi, shi da akuyarsa suka rage a layinmu. Ya ce mutum uku ne suka zo da amalanke da hantsi, suka yi masa sallama, suka ce gyara suka zo yi. Ka san bazara lokacin yaɓe ne, kowa na jiƙa laka yana gyara bango kafin ruwa ya sauka, kuma a ƙauyenmu ba a ganin mai gyaran gida a wuce ba a sa masa hannu ba. Da ruwan jarkarsu ya ƙare, Baba Nomau da kansa ya ba su guga suka ja a rijiyarsa. Yana faɗa mini yana share hawaye da bakin rawani: “Wallahi Hassi, na aza ke kit turo su. Har sannu da aiki niy yi musu.”

Ban ga laifinsa ba. Mutumin kirki ne aka yi amfani da kirkinsa. Laifin da na gani yana cikin ramukan bangon. Na sa yatsa a inda 'yan ƙarafan nan da kuke liƙawa a gefen firem suka shiga, waɗanda ke riƙe ƙofa a jikin gini. Ban san sunan da kuke kiransu ba, ni ƙafa nake ce musu. Yatsana bai gama shiga ba ya taɓo ƙarshen ramin. Ƙafa huɗu, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, an shafa musu ɗan siminti a fuska don ido ya gani. Abin da na sayar da tumakina na saya ke nan.

Daga baya na tambayi wani tsohon magini a nan Sabon Birni. Ya ce wannan gajeriyar ƙafar ta ginin bulo ce, inda siminti ke kama ƙarfe ya riƙe. Siminti kuwa ba ya kama laka, kowane magini ya sani. A ginin laka, ko dai a ta da ginshiƙin bulo hagu da dama a dasa ƙofar a ciki, ko a yi ƙafafun da rodi mai tsawon kamu guda, a lanƙwasa bakinsa, a binne shi can cikin bango yadda sai an rushe ɗakin kafin ya fito. Ya ce duk mai walda da ya shekara biyu a sana'a ya san haka. Ila ya fi shekara goma.

Na uku: inda na gan ta.

Bayan mako uku aka yi mana rasuwa a Bafarawa, na hau mashin na tafi gaisuwa. Ranar ta dace da kasuwa, sai na ce bari in ratsa in sayi sabulu in kai gidan makokin. A gefen da masu ƙarfe ke baje kaya, ƙofofi na jingine a jikin wata rumfa, an shafe su da fenti kore, ko bushewa bai gama yi ba. Na wuce su, sai kuma na dawo. Ɗaya an jingine ta cikinta na kallon hanya, ga sakata a sama, ga wata ƙarama can ƙasa, daidai gwiwa.

Alhaji, nan take na gane ta. Na durƙusa na duba. An yanke inda kwaɗona yake an liƙa sabo, amma a lungun firem, inda buroshi bai kai ba, ga jar lakar ƙauyenmu nan a maƙale. Na kankare ta da farce na nuna wa mai rumfar, wani mai walda da ake kira Mani, wanda shi ma ya ce ɗan ƙungiyarku ne. Ko kallon lakar bai yi ba. Ya ce, “Hajiya, ƙohwa duk ƙohwa ta. Ni saye niy yi.” Na ce wurin wa? Ya ce masu kawo tsohon ƙarfe suna da yawa, ba ya riƙe fuska. Na ce to a ƙasar Gobir kaf, ƙofa nawa ya taɓa gani da sakata a gwiwa? Ya juya ya ci gaba da cinikinsa, mutane suna kallona kamar ni ce na zo da rigima.

Ban yi ihu ba, ko da yake na so. Ni mace ce ni kaɗai a garin da ba nawa ba, kuma gidan makoki za ni. Na ce a raina ai sana'ar tana da shugaba, kuma shugaban a garinmu yake.

Na huɗu: abin da kai ka yi.

Washegari na zo wurinka. Na faɗa maka komai, har sunan Mani da inda rumfarsa take. Ka saurare ni kana jan carbi, ka ce, “Haƙuri za ki yi, Malama, ƙaddara ta.” Na ce na yarda da ƙaddara, amma ƙaddarar tana jingine a Bafarawa da koren fenti, a aika a riƙe ta kafin a sayar. Ka ce za ka bincika, in dawo jibi.

Na dawo jibin. Ka ce ba ka samu wanda za ka aika ba. Da na ta da maganar gajerun ƙafafu, ka ce, “Mu aikinmu ƙarhe na, bango na magina na.” Alhaji, ba magini ya dasa ƙofar nan ba. Ila ne, da hannunsa, da ɗan siminti a kwanon sha, kuma kuɗin dasawa na cikin abin da na biya. Idan bango ba aikinku ba ne, me ya kai shi jikin bangona? Wanda ya karɓi kuɗin aiki shi ke da aikin, ko a wurin ɗinki haka ne, ko a wurin kitso.

Zuwana na uku ka ce an je an duba, babu wata ƙofa mai sakata biyu a rumfar Mani. Gaskiya ka faɗa, babu, domin an sayar da ita tun kafin kasuwa ta sake ci. Ga abin da na sani, kuma ba za ni ƙara gishiri ba. Mani bai san sunana ba, bai san daga ina nake ba, a ganinsa wata baƙuwa ce ta yi surutunta ta wuce. Ban faɗa wa kowa zan kai ƙara ba sai kai. Sauran ƙofofin da na gani tare da tawa suna nan jingine har mako na gaba, tawa kaɗai ta yi ƙafa, kuma a kan kuɗin da bai kai na sauran ba. Ban ce kai ka kira Mani ba, Allah ne shaida a kan abin da ban gani ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma ina son ka faɗa wa jama'a wanda ya ce masa as.

Na biyar: inda take yanzu.

Na koma Bafarawa da kuɗin mashin da na ara wa kaina daga kuɗin cefane. Masu amalanken kasuwa sun fi ku riƙe fuska, su suka nuna mini inda suka kai ta. Wata 'yar ruga ce da ta zama ƙauye a bayan gari. Mai gidan sunansa Malam Jaɓɓi, Bafillace ne da aka kore masa shanu kaf, ya koma noma, yana zaune da matarsa da 'ya'ya ƙanana a ɗakin laka irin nawa. Karsana ɗaya ta tsira masa, ita ya sayar ya sayi ƙofa, don shi ma an sha shiga masa ɗaki idan sun tafi gona.

Na ga ƙofata a jikin ɗakinsa. Na nuna masa sakatar ƙasa, na ba shi labarinta. Mutumin nan ya cire hularsa ya mayar, ya ce, “Malama, in taki ta, a hidda ta yanzu ki tahi da abinki. Ba ni kwana bayan ƙohwas sata.” Har ya tashi zai ɗauko diga.

Na hana shi. Da wane ido zan cire ƙofa daga ɗakin da yara ke kwana? Shi ma cutarsa aka yi, kuɗinsa halal ya bayar. Kafin in tafi na duba gefen firem ɗin. Gajerun ƙafafun nan ne dai, ba a ƙara musu ko taƙi ba, an sake shafa ɗan siminti a fuska. Wato an sayar masa da ƙofar da aka riga aka san yadda ake zare ta, kuma waɗanda suka zare ta suna nan da amalankensu.

A nan ne na gane abin da ya hana ni barci tun daga ranar. Ƙofar da ke fita da jarka biyu ba asara ba ce a wurinku, kasuwa ce. Ku ƙera, ku sayar, a zare, a kawo muku da araha, ku shafa fenti, ku sake sayarwa. Ƙofa ɗaya ta ci tumakina ta ci karsanar Jaɓɓi, kuma ba ta ƙoshi ba. Ban ce duk masu walda haka suke ba, na san akwai masu tsoron Allah a cikinku. Amma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓarawo ba zai wahalar da kansa ya ɗauki ƙarfe mai nauyin nan ba in bai san akwai rumfar da za ta karɓa ba tare da tambaya ba. Mu da muka gudu da abin da ke jikinmu, mu kuka mayar gonarku. Ina jin haushin wannan fiye da haushin ɓarayin, domin su ba su taɓa ce mini in tafi in yi barci ba.

Ga abin da nake nema, kuma a gaban jama'a nake nema.

Ɗaya, Ila da Mani su haɗu su ƙera mini ƙofa da taga biyu, da dogayen ƙafafu, da sakatar ƙasa, su je su dasa yadda ya kamata. Yadda za su raba nauyin tsakaninsu ba ruwana. Ban nemi irina ba, ban nemi gado ba, ban nemi adakar Inna ba, don ba a rumfarku na gan su ba. Abin da na gani shi nake nema.

Biyu, a je gidan Malam Jaɓɓi a gyara dashen ƙofarsa kyauta, kafin a zo masa da jarka.

Uku, ka tara mutanenka ka kafa musu doka, duk wanda aka ce masa gidan laka ne, ya yi ƙafa ta gidan laka, ko ya faɗa wa mai saye gaskiya cewa sai an ta da ginshiƙi. Idan kuɗin zai ƙaru a faɗa mana. Talaka ya fi son a ce masa kuɗinsa bai kai ba da a karɓe a ba shi abin da ba zai tsare shi ba.

Huɗu, kowane mai walda ya riƙa buga shaidarsa a jikin ƙofar da ya ƙera, a wurin da fenti ba ya ɓoyewa. Makiyaya na yi wa shanunsu shaida, mata ma na ɗaura wa kaza zare a ƙafa. Ku da ke da wuta da guduma ba ku da uzuri. Kuma duk wanda aka kawo wa ƙofa da firem ɗinta, da laka a jiki, kada ya saya sai mai unguwar mai kawowa ya shaida. A kasuwar dabbobi ba a karɓar akuya daga hannun wanda ba a sani ba, ban ga dalilin da ƙofar ɗakin mutum za ta fi akuya arha ba.

Ga jama'a kuma, musamman mata irina da ke riƙe da gida su kaɗai: kada ku tsaya kallon kaurin ƙarfe da girman kwaɗo, nan ne aka yaudare ni. Ku ce a nuna muku ƙafafun kafin a dasa, ku auna da hannunku, ku tsaya a kai har a binne. Tagar ma haka. Ku kuma gaya wa wanda ya rage a unguwa cewa ba ku aiko kowa gyara ba, in za ku aiko za ku zo da kanku.

Alhaji, ba ni da lokacin jiran taronku na wata. Shekaranjiya ruwan fari ya sauka, ƙasa ta jiƙu, mutanen ƙauyenmu sun fara komawa. Wata maƙwabciya ta raba irinta ta ba ni kwano biyu, Allah Ya saka mata. Idan na wuce wannan makon ban yi shuka ba, na rasa daminar, kuma wanda ya rasa damina a wannan zamani ya san abin da ke jiransa. Ba zan iya barin Inna a gari ba, masu ɗakin sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ba wanda zai ɗauke ta ya kai ta bayan gida sai ni. Ita ma ba za ta zauna ba. Tun da ta ji ƙamshin ruwa take ce mini, “Hassi, yaushe za mu gida? Ban son mutuwa ta ishe ni ɗakin aro.” Har yau ban gaya mata ɗakin nata ba ƙofa ba. Na rasa bakin da zan faɗa da shi.

Saboda haka ranar Asabar za mu tafi, da ƙofa ko babu. Na sayi zana, ita za ni jingina a bakin ɗakin, in toshe tagogin da ƙaya. Kullum da safe za ni ɗauki kwashe, wato fartanya, in tafi gona, in bar tsohuwar da ba ta iya tashi, ba ta iya gudu, muryarta ba ta kai gidan Baba Nomau, a bayan zanar kara, a ƙauyen da aka riga aka san hanyar gidanmu. Duk abin da ya ɗaga zanar nan ya shiga, kare ne ko mutum, kada wani ya zo mini gaisuwa ya ce bai sani ba. Na faɗa maka sau uku a rumfarka, yau na faɗa a gaban kowa. Tsakanin yau da Asabar kwana huɗu ne, kuma na ga Ila ya ƙera ƙofa a wuni ɗaya.

Ina roƙon Allah Ya ba ka ikon yin gaskiya ko da a kan naka ne. Allah Ya tsare maka gidanka da iyalinka, Ya sa albarka a sana'ar duk wanda ke yin ta tsakani da Allah, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya mu koma gidajenmu gaba ɗaya. Allah Ya ba ka tsawon rai, Alhaji. Idan kuma tsufa ya zaunar da kai wuri ɗaya, 'ya'yanka suka fita nema suka bar ka kai kaɗai, Allah Ya sa su bar ka a ɗaki mai ƙofa.

Wassalam.

Ni ce,
Malama Hassi,
daga ɗakin aro a Sabon Birni.